Wace kalma za mu ba "genotype" na ƙwayar ciwon hanta E?

Masu fassarar labaran lafiya da masu shirin likita a rediyo, ku matso. Akwai kalmar da ya kamata mu tsayar da ita.

Ƙwayar da ke kawo ciwon hanta E ba guda ɗaya ba ce. Masana sun kasa ta kashi-kashi bisa bambancin ƙwayoyin gadonta, suna kiran kowane kashi genotype. In muka ɗauko kalmar ɗanya muka ce jinotayif, mun ɓata aikin. A Kano ko Zariya duk wanda ya ji jinotayif, AA da AS da SS zai tuna, wato gwajin sikila kafin aure. Zai zaci jininsa ake nufi, alhali ƙwayar cutar ake magana.

Nau'i ya riga ya samu aiki, da shi muke raba ciwon hanta A da B da C da D da E. Jinsi kuwa kan kai hankali ga namiji da mace. Wasu sun kawo iri, kuma ya yi kusa, sai dai a baki "irin ciwon hanta E" ba ya nuna ana lissafin wasu rassa ne a cikin E ɗin.

Ni dangi na zaɓa. Asali ɗaya, gidaje daban, kowa da inda yake zama da yadda yake tafiya. Haka ƙwayar take.

Dangi na 1 da na 2 a jikin mutum suke zama. Ta ruwan sha da ya haɗu da bayan gida suke yaɗuwa, musamman a sansanonin 'yan gudun hijira da lokacin ambaliya. Su ne ke addabar yankinmu: Darfur a 2004, Am Timan ta Chadi a 2016, sai Diffa da Ngala a 2017. Mai ciwon idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, cin abinci ya gagara, mutanen gida su ce shawara ce. Mafi yawa suna warkewa cikin makonni. Mai ciki ce abin tausayi, domin a watanni uku na ƙarshe ciwon kan kashe har ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda ya kama.

Dangi na 3 da na 4 a jikin dabbobi suke: alade na gida da na daji, barewa, har da zomo. A 1997 aka fara gano ƙwayar a aladu a Amurka. A Turai da Japan mutane na ɗaukar su ta cin hanta ko naman da bai dahu ba.

Ga abin da ya sa na dage. Idan mai fassara ya ɗauko rahoton Turai ya ce "ciwon hanta E daga alade ake ɗauka", mai sauraro a Maraɗi zai ce ba ruwansa, ya ci gaba da shan ruwan randar da aka ɗebo daga tafki. Da ya ce dangi na 3, ya kuma bayyana cewa namu na ruwa ne, da saƙon ya isa inda ake so.

Kuma ba mu fita daga batun dabbobi ba. Dangi na 7 a raƙumi mai tozo ɗaya yake, irin namu. A 2016 aka ba da rahoton wani a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka yi wa dashen hanta, yana yawan cin naman raƙumi da shan nononsa, aka samu wannan dangin a jininsa. Mu da ke saye a Agadas da mahautar Kano, a dafa naman sosai, a tafasa nonon.

Wani ya tambaya, to na ɓera fa, wanda aka fara gani a jikin mutum a Hong Kong a 2018? Wannan masana ba su sa shi cikin lissafin dangin ƙwayar E, wato na 1 zuwa 8, ba, wata ƙwaya ce ta daban mai kama da ita. A bar shi da suna "ciwon hanta E na ɓera", kada a ba shi lamba.