Na sallami yaron shagona da baki, yau ga takardar kira

Mai shagon kayan babur:
Salamu alaikum ƴan uwa. Shagona yana Sabon Gari, nan Maradi. Yaron da ke tsare mini shi shekararmu 4 tare, jika 45 nake ba shi a wata, ba mu taɓa rubuta komai ba, kawunsa ne ya kawo mini shi. Bayan Sallah na yi lissafi, na ga giɓin jika 300. Raina ya ɓaci, a gaban mutane na ce ya ajiye makulli kada ya sake dawowa. Yau ga takarda daga ofishin sufeton ƙwadago. Ni da aka yi wa ɓarna, ni kuma ake kira?

Tsohon akanta:
Alhaji, ka je ranar da aka sa maka. A dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012, ba sai da takarda mutum ke zama ma'aikaci ba. Yana maka aiki, kana biyansa wata-wata, magana ta ƙare. Kafin kora ana jin ta bakinsa, sannan a ba shi dalili a rubuce. Sata babban laifi ce, tana iya sa a sallami mutum nan take, amma kai za ka kawo hujja, kuma giɓi kaɗai ba hujja ba ne. In ta gagara, za a lissafa maka albashin wa'adin sanarwa, kuɗin sallama, hutun da bai ci ba, kwana 2 da rabi kowane wata, ga diyya in an kai kotu. Sufeto sulhu yake fara nema. Wa kuma ke taɓa akwatin kuɗin?

Mai shagon kayan babur:
Ƙanena yana zama in na tafi Kano saro kaya.

Tsohon akanta:
To ka gani. Kada ka sake cewa ɓarawo a gaban sufeto.

Mai gidan burodi:
Ka yi masa rajista a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa? Ni nan aka kama ni, ba a kan korar ba. Sai da na biya na baya duka, har da tara.

Hajiya mai abinci:
Ɗana, wanda ya kawo maka shi yana raye, ko? Ka same shi daren nan. Abin da kuka daidaita a kai, a sa hannu gaban sufeto, kada a bar shi a zaure. Ka tafi da littafin ciniki, da ƙanen naka.