Teburina ya cika, ina zan ajiye kuloli?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata, don Allah ku ba ni shawara. Washegarin Sallah dangin maigida za su zo mana yini, su kusan 12, har da Hajiya, teburin cin abincinmu kuwa kujera 6 gare shi.

A ƙaramar Sallah na shimfiɗa masa leshi, na jera furen roba da kyandir irin na hotunan Instagram. Da aka kawo kular tuwon shinkafa, ta miyar taushe, waina da jug ɗin zoɓo, sai wuri ya ƙare. Yaro ya ture furen cikin miya, leshin ma har yau manja bai fita ba. Hajiya kuwa ko kallon teburin ba ta yi ba, tabarma ta sa aka shimfiɗa mata.

Yanzu na rasa ta yi. In kwashe adon duka in bar farantai da tiren 'ya'yan itace kawai, ko zai zama kamar ban shirya musu ba? Ko in jera abincin a tebur, kowa ya ɗiba ya sauko kafet? Kuma wane yadi ne a Kantin Kwari yake jure maiƙo?