Musayar Waƙa: Ɗakin da Ya Faɗi Sau Biyu

Malam Mai Alli: Jama'a, yau kan Haikalin Yahudawa na Ƙudus za mu yi. Ga baitina, mai amsa ya riƙe amsa-amon "sa".

Da farko tanti ne cikin hamada,
Musa ya kafa shi bisa ƙa'ida,
Akwatin alkawari na ciki don shaida,
In za a tashi, a ɗauke shi a kafaɗa,
Har garin Shilo ya zamo masauki nasa.

'Yar Zazzau: Malam, ka tsaya a tanti, bari in shiga gini.

Dawuda ya yi niyya, bai samu yi ba,
Littafinsu ya ce jinin yaƙi bai bar shi ba,
Sulaimanu ya gina, shekara 7 bai huta ba,
Ko ƙarar guduma a wurin ba a ji ba,
Katakon al'ul na Labanan aka sa masa.

Baba na Tudu: Madalla, 'yata. Amma kin manta ƙurya.

Can ciki akwai ɗaki mai tsananin tsarki,
Talaka ba ya shiga, haka ma sarki,
Sai babban firist, da farin tufa a jiki,
Ran Yom Kifur, ranar kaffara, turare na tashi da hayaƙi,
Yana roƙon gafara ga jama'a tasa.

'Yar Zazzau: Ban manta ba, Baba, kukan nake gudu. To ga shi.

A 586 kafin Miladiyya wuta ta kama,
Nebukadnezzar ya kwashe su Babila da dama,
Sairus na Farisa ya ce su koma,
Ran aza harsashi sowar matasa har sama,
Tsofaffin da suka san na farko na kukan rashinsa.

Baba na Tudu:

Na biyu ya tashi, amma ƙurya wayam,
Akwatin ya ɓace, ba a sake ganinsa.

Malam Mai Alli: Wannan baitin ya taɓa ni, Baba. Mu ma Musulmi can muka fara fuskanta a salla kafin a juya alƙibla zuwa Makka.

A shekara ta 70 Miladiyya Rumawa, Titus na gaba,
Suka ƙone shi, ba a sake ginawa ba,
Hadaya ta tsaya, addu'a ba ta tsaya ba,
Majami'unsu galibi Ƙudus suke duba,
Ran 9 ga watansu na Ab suna azumin tuna shi, zaune a ƙasa.

'Yar Zazzau:

Ango ran biki kan take kofi ya fashe,
Mai sabon gida kan bar gefen bango ba shafe,
Don kada murna ta sa a manta da abin da ya rushe.
Katangar Yamma ta harabar Haikalin, ta zamanin Sarki Hirudus, na nan tsaye,
Takardun roƙo a tsagar dutse a naɗe,
Tsohuwa ta kifa goshi, leɓenta na motsi a kansa.