Digirin raya karkara: ƙauye ke cin moriya ko mai digirin?

Nafisa: Assalamu alaikum. Na samu gurbin digiri na biyu a fannin raya karkara, kuma burina in zarce na uku in zauna koyarwa. Kawu Lawal ya ce ɓata lokaci ne, wai babu ƙauyen da malamin jami'a ya taɓa ɗagawa. Na ce ya zo ya maimaita a gaban jama'a.

Kawu Lawal: Na maimaita, 'yata. Shekara 22 na yi ina malamin gona, masu binciken da na raka ba su ƙirguwa. Mota ta tsaya ƙofar mai gari, a zaro takardar tambayoyi, buhu nawa ka noma, awaki nawa gare ka, a miƙa wa mutum sabulu, kafin la'asar an koma birni. Shekara na zagayowa wani ya zo da tambayoyin nan dai. Har wani tsoho ya ce mini, "Malam, ku bar mana kwafi mana, in na gaba ya zo mu miƙa masa." Su sun zama farfesoshi, garin kuwa har yau guga ake ja.

Dokta Aminu: Kawu, wannan ba mai musa maka. Robert Chambers ma, masanin raya karkara, tun 1983 ya kira irin wannan ziyara yawon buɗe ido. Amma ka tuna David Norman na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. A 1966 da 1967 shi da ma'aikatansa suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, gona gona, suna ƙirga aiki da amfani. Lokacin ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona guda rashin wayewa ne. Lissafi ya nuna manomi ne da gaskiya: haɗin ya fi riba, kuma in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya rufa asiri.

Kawu Lawal: Wato shekara biyu ya yi kafin ya gano abin da kakata ta sani.

Dokta Aminu: Kakarka ta sani, amma ma'aikatar gona ba ta jin maganar kakarka. Sai da aka kai mata a rubuce da lambobi.

Hadiza Maraɗi: Ina bayan Kawu rabi. Abin da ya maido mana da itatuwa, sassabin zamani ne: ka bar kututture ya tofo, ka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, ka sare sauran. Tony Rinaudo da ya kama yaɗa shi a nan Maraɗi tun 1983 ba malamin jami'a ba ne, ma'aikacin mishan ne mai yawo cikin gonaki. Manoma suka ɗauka, maƙwabci na kwaikwayon maƙwabci. Ku je wajen Damagaram ku ga gawo cikin gero.

Dokta Aminu: Hajiya, to wa ya ƙirga? Sai da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij suka bi, aka gwada hotunan sama na da da na yanzu, sannan aka san filin da itatuwa suka dawo ya kai hekta kusan miliyan 5. Kafin nan ko a Yamai cewa ake hamada na cinye ƙasar.

Hadiza Maraɗi: Shi ya sa na ce rabi, Dokta.

Bashir: Ku bar kewaye-kewaye. Matsalar ita ce ma'aunin ƙarin girma. Ba a tambayarka rijiya nawa, takarda nawa ka buga a mujallar Turanci ake tambaya, wadda mutanen da ka yi wa tambayoyin ba za su taɓa gani ba. Ga albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022 wata 8. Dole malami ya bi ƙungiyoyin agaji neman aikin rubuta rahoto, kuma mai biyan dala ba a ce masa aikinsa ya rushe. Pampaida ta Ikara, da aka sa cikin shirin raya ƙauyuka na masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs a 2006, malaman namu nawa suka koma bayan kuɗin ya ƙare su ga me ya saura? Yanzu da aka rufe USAID, hukumar agaji ta Amurka, a 2025 ma wannan ƙofar ta ƙuntata.

Nafisa: Yaya Bashir, ai wannan dalili ne na in shiga. Tambayar da ka yi ta Pampaida, wani ne zai amsa ta, kuma ba mai kwangila ba ne.

Kawu Lawal: Baki gare ki kamar uwarki. To ga sharaɗina. Ba na son ganin takardar tambayoyi sai kin yi damina guda a ƙauye, daga shuka har girbi. In kin gama rubutun, ki koma ki karanta musu da Hausa a gindin bishiya, su gyara miki.

Dokta Aminu: Kawu, tallafin bincikenta ba zai kai damina guda ba.

Kawu Lawal: Wa ya yi maganar tallafi? Ɗakin Inna yana nan babu kowa, ga tuwo. Ta dai zo da gidan sauro.