Yarona yana da nauyin baki, me zan yi masa a wannan dogon hutun?

Maman Sadiƙ, Anguwar Rogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana ya haura shekara 2, amma daga "mama" sai "ruwa" sai "a'a". In yana son abu, zanina yake ja ya nuna da yatsa. Surukata ta ce maza dama haka suke, maƙwabciyata kuma ta ce don muna haɗa masa Hausa da Turanci ne. Yayyensa na hutu har Satumba, ruwan Agusta ya hana su fita, wuni suke a gaban katun. Abin yana damuna, ku taimaka min da shawara.

Anti Nas, Rikkos: Wa alaikumus salam. Yare biyu ba ya hana yaro magana, nan Jos yara nawa ke tashi da Hausa da Berom da Turanci? Sai dai ɗan shekara 2 ana sa ran yana da kalmomi kamar 50, yana haɗa biyu, irin "ba ni" ko "Baba tafi". Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a gwada jinsa. Ruwa kan taru a bayan dodon kunne bayan mura, yaro ya riƙa jin magana dishi-dishi ba tare da kowa ya lura ba. Don Allah kada a kai shi gun wanzami a yanka masa ƙasan harshe.

Malama, Nasarawa Gwong: Ki fara da rage kallon katun ɗin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana gaban allon waya ko talabijin. In ya nuna kofi, ki durƙusa daidai fuskarsa ki ce "ruwa? Sadiƙ zai sha ruwa", sai ki yi shiru ki jira shi. Jiran nan ne ke ba mu iyaye wuya, mukan riga yaro amsawa. In ya ce "mota", ki ce "mota ta tafi". Ranar cefane a kasuwar Farin Gada ki miƙa masa karas ya riƙe, ki faɗi sunansa.

Hajiya Kaka: 'Yata, ki sa yayyensa su yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan magariba. Guda ɗaya a yi ta maimaitawa, wata rana shi zai riga su cewa "ta zo mu ji ta".

Maman Sadiƙ: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, sai da takardar wani likita ake ganin na kunnen, ko zan iya zuwa kai tsaye?