Gado a cikin makaranta ko hayar ɗaki a Samaru?

Uwar ɗaliba, Gusau: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. 'Yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a harabar Samaru, kuma har yau ni da mahaifinta ba mu tsayar da magana ɗaya ba. Ni ina so ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, shi kuwa ya fi son ta zauna a haya tare da 'yar ƙanwarsa da ke aji uku. Don Allah waɗanda suka san wurin su taimaka mana da shawara.

Tsohuwar ɗaliba, Kaduna: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya albarka. Na yi shekara biyu a Amina, ɗaya daga cikin ɗakunan kwanan ɗalibai mata, na yi biyu a haya, kuma da 'yata ce, shekarar farko a cikin makaranta za ta yi ta. Ɗalibar aji ɗaya ba ta san gari ba, ba ta san inda ake laccoci ba, kuma sau da yawa labarin an canja aji ko an matso da gwaji a bakin 'yan ɗaki ake fara jin sa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin jarrabawa: mukan yi karatu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko a azuzuwa har dare ya yi nisa, sannan mu taka a ƙafa mu koma ɗaki a ayari, alhali ƙawayenmu na waje dole su tattara littattafai da wuri, domin babu mai son tsallaka titin Sakkwato ita kaɗai da dare. Zaman yana buƙatar haƙuri, domin akwai hayaniya da layin wanka da safe, kuma lallai a saya mata akwati mai kwaɗo.

Tsohon ɗalibi, Funtuwa: Hajiya, na yarda da maganar Anti, amma a sani cewa masu neman gado sun fi gadajen yawa, don haka da zarar an biya kuɗin makaranta ta riƙa duba shafin rajista, ta nemi gado a ɗakin kwanan Amina ko na Ribadu tun ranar da aka buɗe. Idan ba a dace ba, kada a biya haya sai an je an gani da ido. Abu na farko da za a tambaya shi ne ruwa, kuma maƙwabta za a tambaya, ba dillali ba, domin rijiyar da ke cike da damina tana iya ƙafewa a watan Afrilu, a koma sayen jarka a hannun 'yan garuwa kullum. Samaru da Hayin Dogo ana takawa a ƙafa, amma Palladan sai an ware kuɗin mota na kowace rana. Sannan a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022, wanda ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas ɗakina yana kulle, kuma mai gidan ya lissafa su duka a cikin shekarar da na biya.

Mahaifin ɗalibai biyu, Kano: Maganar Alhaji ma tana da hujja, domin zama da 'yar'uwa yana rage kuɗin abinci, kuma akwai mai lura da ita idan ba ta da lafiya. Sai dai a tuna cewa 'yar aji uku ta kusa gamawa, kuma idan ta tafi, hayar gaba ɗaya da zaman kaɗaici a kan ƙaramar za su dawo.

Uwar ɗaliba, Gusau: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wannan batu na gamawar yayarta bai zo mana a rai ba, kuma zan nuna wa mahaifinta yau da dare. Anti, ana barin ɗalibai su yi girki a Amina, ko sai dai mu haɗa mata da garin kunu da ƙuli-ƙuli da kuɗin sayen abinci?