Kwana goma a Uzbekistan: in tsaya a Samarkand da Bukhara, ko in ƙarasa Khiva?

Tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da hutun kwana goma a watan Yuli, kuma na yi niyyar ziyartar tsofaffin biranen Uzbekistan da ke kan hanyar fataken siliki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ko in tsaya a Samarkand da Bukhara kaɗai, ko kuwa in ƙarasa har Khiva. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa su ba ni shawara.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar birane, watan da ka zaɓa shi ne abin dubawa, domin a Yuli zafin Bukhara da Khiva yakan haura digiri 40, har yawon tsakar rana ya gagara. In da hali, ka ɗaga tafiyar zuwa Satumba ko Oktoba.

Amsa ta biyu: Malam, ni dai kwana uku na ba Samarkand, kuma ban yi nadama ba. Jirgin ƙasa mai sauri, Afrosiyob, yakan kai mutum can daga Tashkent, babban birnin ƙasar, cikin awa biyu da 'yan mintoci, sai dai kujerunsa kan ƙare da wuri, don haka ka yanki tikiti tun kafin ka tashi. Dandalin Registan ka je shi da sassafe, kafin masu yawon buɗe ido su cika shi, domin a lokacin ne za ka kalli makarantar Ulug Beg, wadda aka kammala a 1420, cikin natsuwa. Hubbaren Imam Bukhari, wanda ya rasu a 870, ba a Bukhara yake ba kamar yadda mutane da yawa suke zato. Yana ƙauyen Hartang ne, kimanin kilomita 25 daga Samarkand.

Amsa ta uku: Kada ka bar Khiva. Hasumiyar Kalon ta Bukhara, da aka gina a 1127, abar kallo ce, amma Itchan Kala, wato tsohon garin Khiva da ke cikin ganuwa, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1990, da ƙafa ake zaga shi, kuma kwana biyu sun ishe shi. Hanyar daga Bukhara doguwa ce cikin hamada, shi ya sa na dawo Tashkent ta jirgin sama daga Urgench, birnin da ke kusa da Khiva.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi a ɗaga mini hutun zuwa Satumba, kuma Khiva ta shiga lissafi.